Yadda ɗan koyo zai tsare lafiyarsa a wurin sana'a

Duk inda ake sana'a, sabon shiga ne ya fi kusa da rauni. Shi ake aika ya zuba wa janareta mai, shi ke riƙe ƙarfe ana walda a gaban idonsa, shi ke goya jarkar feshi, shi kuma ake zurawa cikin rami saboda jikinsa ba nauyi. Ga rashin sanin wuri, ga kunyar tambaya, ga son a ce yaron nan akwai zafin nama. Wannan bayani nasa ne: yaron da aka kai shagon walda a Wudil, yarinyar da ta fara tsayawa a injin markaɗe a Ringim, ɗalibin kwalejin noma ta Dambatta ko na kwalejin fasaha ta Kazaure da aka tura sanin makamar aiki a injin casar shinkafa a Kura ko Haɗeja.

A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ne aiki ke kashewa duk shekara. Waɗanda hatsarin farat ɗaya ya kashe wajen 330,000 ne. Sauran, kimanin miliyan 2.6, cuta ce da suka kwasa a wurin aiki ta ci su a hankali. Ka riƙe wannan tun yanzu, domin a ƙauyukanmu sai an ga jini ake cewa aiki ya ji wa mutum ciwo. Tarin mai niƙa da kurumtar mai injin casa, tsufa ake ɗora wa.

Ranar farko: ido da kunne

Kada ka taɓa komai sai ka zagaya wurin. Abu huɗu za ka tabbatar ka sani kafin azahar. Ina ake kashe injin, ina kuma ake kashe wutar wurin gaba ɗaya? A nuna maka da hannu, ka gwada da kanka. Ina ruwa yake, ina bokitin yashi? Wane asibiti ne mafi kusa da ke da ma'aikaci da daddare, kuma babur ɗin wa za a hau? Na huɗun ya fi su amfani: ka sami babban yaron shagon lokacin cin abinci ka tambaye shi, "Yaya, a nan wa ya taɓa jin ciwo, kuma me ya same shi?" Abin da ya yanke yatsan wani bara yana nan inda yake, ba wanda ya ɗauke shi.

Sai tufafi. Riga mai faɗin hannu, jallabiya, carbi a wuya, zobe, agogo, duk a ajiye su kafin a tunkari abin da ke juyawa. Ke kuma da ke injin markaɗe ko na niƙa, bakin hijabi ko mayafi in bel ya kama shi ba ya saki, kuma wuya yake ja. Ki sa ƙaramin hijabi, ki cusa bakinsa cikin riga, ki ɗaura zani a kai. Silifa ba takalmin aiki ba ne. Ko gwanjo ne, a nemi rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa. Mai walda da mai suya su guji yadin roba, domin in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne da fata. Auduga ta fi.

Tsarin tunanin da ake bi

Da an ce kariya, hankalin mutane kan tafi ga safar hannu da hular kwano. Masana harkar a ƙarshen jerin matakan kariya suke ajiye su, kuma suna da hujja: ana mantawa da su, suna yagewa, zafi kan sa a cire. Ga yadda za ka riƙa tambayar kanka a gaban kowane hatsari, bi da bi. Za a iya kawar da abin gaba ɗaya? Wayar da ta zare tana kwance a hanya, a sauya ta, an gama. In ba za a iya ba, akwai abin da zai maye gurbinsa wanda bai kai shi illa ba? Mai ajiyar wake da ya koma buhun PICS mai ruɓi uku ya huta da zuba guba a abinci. In babu, za a iya raba mutum da abin? Murfin raga a kan bel, shinge a bakin rami, janareta a waje. Bayan nan sai tsarin aiki: a yi feshi da sassafe, a riƙa karɓa-karɓa a wurin ƙura. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ake tarewa da takunkumi da tabarau.

Kai ɗan koyo ba kai ke da shagon ba, na sani. Amma mai walda da ke koya maka, ragar da za a rufe bel da ita aikin rabin yini ce a wurinsa.

Injin da wuta

Doka ɗaya ce a nan, kuma ba ta da togiya: hannu ba ya shiga injin da ke aiki. Garin masara ya toshe, zangarniya ta maƙale a injin sussuka, bel ya zame, ka kashe, ka jira ya tsaya cik, sannan ka gyara. A ƙauyen da wuta ke zuwa tana ɗaukewa akwai wani tarko: an ɗauke wuta, injin ya tsaya, ka sa hannu kana sharewa, sai a kawo. Saboda haka ko babu wuta, ka kashe makunni ka zare soket. In wani zai iya zuwa ya kunna bai san kana ciki ba, ka sa fis ɗin ko makullin a aljihunka. Tura hatsi da itace ake yi, ba da yatsu ba. Safar hannu ma a kusa da abin da ke juyawa hatsari ce, don ita injin ke fara kamawa.

Giranda, injin yanka da goge ƙarfe, tana yawan raunata 'yan koyo. Kada a cire mata murfi don a sa faifan da ya fi girmanta, kada a yi aiki da faifan da ya tsage, kuma tabarau dole ne ko da yankan daƙiƙa biyar ne. Makaniki kada ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an tokare da kututture ko ƙarfen tokara, an kuma sa dutse a tayoyi.

Wayar da aka cusa tsirara cikin soket aka danne da tsinken ashana, haɗin da aka naɗe da leda, injin walda a jiƙaƙƙen ƙasa lokacin damina, waɗannan su ke jan mutane. Hannu a jiƙe ba ya taɓa makunni. Janareta kuma a kashe shi ya huce kafin a zuba fetur.

Walda

Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, amma ba nan take ake ji ba. Sai bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, ka farka kamar an zuba maka yashi, hawaye na zuba. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare wannan haske. Gilashin walda na ainihi yana da lamba, kuma waldar lantarki ta yau da kullum tana son lamba 10 zuwa 12. Wanda ke riƙe ƙarfen ma yana buƙatarsa, kawar da kai bai isa ba. In ya riga ya same ka, ka zauna a duhu, ka ɗora tsumma mai sanyi, ka je wurin ma'aikacin lafiya. Kada ka ɗiga komai da aka ce maka a bakin shago.

Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ce maka ya shekara a bushe, ba a kusantarsa da wuta. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, kuma wanda babu mai a ciki ya fi cikakke saurin tashi. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne sam. Ƙarfe mai farin shafe, irin bututun ruwa da kwanon rufi, hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. A yi waldarsa a fili, iska na ɗauke hayaƙin daga fuskarka.

Feshi

A nan zan daɗe, domin daga Kadawa zuwa Bunkure zuwa Auyo babu aikin da aka fi bai wa samari irinsa, babu kuma wanda aka fi raina wa hatsari.

Ka fara da kwalbar. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A ƙasan takardar akwai zanen launi: ja shi ne mafi tsananin guba, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. In ba ka iya karanta bayanin ba, ka kai wa malamin gona. Maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ba takarda, kada ka saya, kada kuma ka ajiye naka a irinta; ta haka yara ke sha.

Lokacin haɗawa ya fi lokacin feshin hatsari, saboda a nan kake taɓa maganin tsagwaronsa. Ka sa safar hannu ta roba mai kauri wadda ta wuce wuyan hannu. Ta yadi ko ta fata shanye maganin take ta riƙe maka shi a jiki. Ka auna da ma'auni daidai yadda aka rubuta, ka motsa da itace. Ƙara yawa ba ya ƙara kashe ƙwari, kuɗinka da hantarka yake ci. Kafin ka zuba magani, ka cika jarkar da ruwa zalla ka goya ka gani ko tana yoyo. Jarkar da ke tsiyaya a gadon baya awa uku tana ɗura maka guba ta fata, kuma ta fata mafi yawan magani ke shiga jikin mai feshi.

Ka sa doguwar riga da dogon wando da takalmin ruwa, ƙafar wandon ta sauko a kan takalmin don kada magani ya gangara ciki. Ka rufe hanci da ido. Ka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, ba kuma lokacin da iska ke kaɗawa da ƙarfi ba. Ka tsara tafiyarka yadda iska za ta ɗauke feshin daga jikinka, kada ka riƙa kutsawa cikin abin da ka fesa. In bakin feshin ya toshe, ka wanke da ruwa ka zungura da tsinken ciyawa. Busawa da baki da ake yi, shan guba ne kai tsaye. Ba cin goro, ba sigari, ba shan ruwa sai an wanke hannu da sabulu.

Da ka gama, ka ɗauraye kwalbar sau uku kana juye ruwan a jarka, sannan ka huda ta don kada wani ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Ka yi wanka da sabulu kafin ka ɗauki yaro ko ka sa hannu a kwano. Kayan feshi a wanke su daban, ba cikin wankin gida ba, ba kuma a bakin magudanar da mutane ke ɗiba ba. Takardar ta faɗi kwana nawa za a jira kafin a shiga gonar da kafin a tsinki tumatir ko kabeji. Wannan haƙƙin mai saye ne a wuyanka.

Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi, da ta sha danshin iska sai ta fitar da gas mai kisa. Buhun da aka sa wa ita ba ya kwana a ɗakin da mutum ke barci, ko ɗakin da ya haɗa bango da rufi da shi.

Masu cin mutum a hankali

Ƙurar dutse da ta yashi da siminti tana daskarar da huhu, kuma in ya daskare babu maganin da ke mayar da shi. Mai fasa dutse ya riƙa jiƙa wurin da ruwa. Mai injin casa da na niƙa su buɗe tagogi, su yayyafa ruwa kafin shara. Ƙyalle a hanci manyan ƙura kawai yake tarewa. Takunkumin da aka rubuta wa N95, wanda ya zauna daram a fuska, shi ke tare ƙananan.

Ƙara kuwa da desibel ake auna ƙarfinta, kuma iyakar da bai kamata a wuce ba ita ce desibel 85 na awa 8. Ba ka da na'urar awo, amma in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu da kai ya ji ka, wurin ya kai. In ka tashi aiki kunnenka na ƙugi, ya fara lalacewa ke nan. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana kai dutsen zinariya cikin gida ana dakawa. Darasin ya shafi mai gyaran batir da mai narka ƙarfe a nan: ƙurar aiki tana bin tufafi zuwa gida. Ka canza kaya a shago. Ka kuma bar wanke hannu da fetur, sabulu da ɗan yashi sun isa cire baƙin mai. Mai aikin ban-ruwa da ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce ta ruwan magudana, ana maganinta da ƙwaya a asibiti, ba alamar balaga ba ce.

Rami, rijiya, rufaffen ɗaki

Hayaƙin janareta da na injin ban-ruwa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi. A rufaffen shago ko cikin rijiya tana kwantar da mutum kafin ya gane. Injin ya zauna a waje, nesa da taga. Wanda zai shiga rijiya ko masai, igiya a ƙugunsa, ƙarfafa biyu a sama riƙe da ita. In ya faɗi, a jawo shi. Kada kowa ya dira don ceto, domin abin da ya kayar da na farko yana jiran na biyu, kuma sau da yawa gawa biyu ko uku ake fitarwa a rami ɗaya. A kira ma'aikatan kashe gobara. Masu haƙar ƙasa a kududdufi kada su riƙa rarake gindin gaɓa suna shiga ƙarƙashi, musamman bayan ruwan sama.

Zafi da kaya

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Jigawa. A sa aiki mai nauyi da safe, a sha ruwa kafin ƙishi ya zo, a huta a inuwa. In azumi ya faɗo a bazara, a roƙi maigida a fara bayan asuba a tashi da hantsi. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a nufi asibiti.

Buhu mai kilo 100 ba gwajin ƙarfi ba ne. Ku kama ku biyu ko a kawo baro. Ka durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kayan a jikinka, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.

In abin ya faru

Jini: ka danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ka ɗaga wurin, kada ka riƙa buɗewa kana leƙe. Ba ƙasa, ba toka, ba baƙin mai, ba ruwan batir. Duk raunin ƙusa ko ƙarfe ko fartanya yana son allurar rigakafin sarƙewar haƙora. In yatsa ya guntule, a naɗe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi.

Ƙuna: ruwa mai sanyi na kwarara a kai minti 20. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba gishiri. Magani ko siminti ko ruwan batir a ido: a wanke da ruwa mai yawa aƙalla minti 15 kafin ma a hau babur. Wanda wuta ta kama kada a taɓa shi da hannu, a kashe wutar ko a ture wayar da busasshen itace. Wutar fetur yashi take so; ruwa yaɗa ta yake.

Gubar feshi tana zuwa da dalalar miyau, gumi, amai, zawo, jiri da sarƙewar numfashi. A cire masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A tafi da kwalbar maganin, domin da ita likita zai san abin da zai ba shi.

Saran maciji, musamman kububuwa lokacin girbi: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Takalmin ruwa da tocila da juya dami da sanda kafin a sa hannu suna hana yawancinsa.

Yadda za ka faɗa wa maigida

Yaro ba ya gyara wa maigidansa a gaban mutane, kuma ba lallai sai ka yi haka ba. Ka bari sai an natsa, ka ce, "Maigida, Allah ya ƙara lafiya, bel ɗin nan ɗazu ya kusa kama rigata. In ka ba ni izini zan haɗa masa raga da guntayen nan." Ka zo da matsala tare da maganinta. Abin da ya kusa faruwa bai faru ba, shi ya fi cancantar a faɗa, don a lokacin gyaransa ba ya cin kuɗin asibiti. In aka ce maka abin da Allah ya rubuta sai ya faru, gaskiya ne, amma malamanmu sun karantar da cewa ana ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. In kuma aka sa ka abin da ka tabbata zai halaka ka, irin waldar tanki ko shiga rijiya ba igiya, ka ce ba ka iya ba tukuna, ka kai maganar gida.

Doka ma tana bayanka. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta rufe sassan injin masu hatsari. Dokar ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 16 ba aikin injin ko aikin ƙarƙashin ƙasa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai wurin aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar da ke biyan wannan diyya, kuma ta lissafa ɗan koyo da ɗan aikin wucin gadi cikin ma'aikata. A babban kamfanin shinkafa, ka tambayi ko an yi rajistar. A shagon ƙauye da wuya ka ga mai duba wannan, don haka ranar da uba ko kawu zai damƙa yaro, a yanke magana a gaban shaidu biyu: wa zai sayi gilashi da takalmi da safar hannu, wane aiki ne ba za a sa shi ba a watanninsa na farko, kuma in ya ji ciwo a bakin aiki wa zai biya kuɗin magani.